Intabiyun su Google: gwajin iya aiki ne ko gwajin hadda?

Nura: Ni dai ina nan a kan bakana. Intabiyun ɗaukar injiniyan manhaja a su Google da Amazon hadda ce zalla. Mutum ya yi wata uku yana tilawar tambayoyin LeetCode, shafin nan na atisayen rubuta manhaja, a ba shi minti 45 ya warware matsala a allo, shi ke nan ya haye. Ku tuna Max Howell, wanda ya ƙirƙiro Homebrew, manhajar da ake girka wasu manhajoji da ita a kwamfuta. A 2015 ya fito Twitter yana cewa Google ta ƙi ɗaukarsa don ya kasa juya wani tsarin bayanai mai siffar bishiya, alhali injiniyoyinta da manhajarsa suke aiki.

Yaya Hadiza: Ƙanena, kullum wannan labarin kake ɗaukowa. Ni ina yi wa masu neman aiki intabiyu a inda nake, kuma mai hadda ba ya ɓuya. Zai rattaba amsa tsaf, bai tambaye ka komai ba. Sai in ce masa, to, idan bayanan sun fi ƙarfin ƙwaƙwalwar kwamfuta ɗaya fa? Nan take zai yi tsit, yana goge layin da ya rubuta daidai. Wanda ya fahimta kuwa, ko bai ƙarasa ba, za ka ji yana tunani da baki, yana faɗin inda dabararsa za ta yi nawa. Shi nake rubuta wa shaida mai kyau.

Malam Bashir: Kuma a Google ba mai intabiyu ne ke yanke hukunci ba, kwamiti ne ke karanta rahotannin. Amazon ma, iya rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, kaɗai bai isa ba. Suna da ƙa'idojin jagoranci 16, a tsare ka da tambaya: ba mu labarin ranar da ka saɓa da ogan ka.

Nura: Malam, wannan ma ai haddace labaran ake yi! Sannan Google ɗin da kuke karewa, da can tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa take yi wa mutane, har sai da Laszlo Bock, shugaban sashen ma'aikatanta a lokacin, ya ce a 2013 ɓata lokaci ne. Waɗanda aka kayar da su fa?

Malam Bashir: Amma sun auna, sun ga ba ta fisshe su ba, suka daina. Kai me za ka kawo a madadinsa? A ba mutum aikin gwaji na mako guda ya yi a gida? Mai iyali da wani aikin a hannu ba zai iya ba. A duba digiri? Nan kuma ɗan Kano da ya koya da kansa a waya ya fita tun kafin a fara.

Nura: A duba abin da mutum ya gina a GitHub mana, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu.

Yaya Hadiza: Mafi yawan ƙwararru kod ɗinsu na kamfani ne, ba su da ikon nuna shi.

Sadiya: Yayyena, ni ranar Talata nake da zagayen farko. In ci gaba da LeetCode ɗin ko in bari?

Nura: Ci gaba, ƙanwata. Ban ce ba ya kai mutum ba, na ce bai dace ba ne.

Yaya Hadiza: Ki kira ni da daddare mu gwada, ki riƙa bayani da baki kina rubutawa.