"Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka": yawan hannu ake nufi ko bambancinsa?

Dattijon Dabai: Salama gare ku 'yan'uwa. Duk lokacin da ikilisiya za ta tura masu sa kai ƙauye aikin bishara, sai ka ji mai sanarwa ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa ya rubuta sunansa. A ganina ana sa maganar inda ba wurinta ba. Yawan jama'a kawai take nufi?

Malamar Lahadi: Baba, yawa dai take nufi. Jinka nauyi gare ta, mutum ɗaya ba ya iya ta, shi ke nan. Bambancin baye-baye kuwa Littafi ya riga ya faɗa a 1 Korantiyawa 12, ba sai mun matsa wa karin magana ta faɗi abin da ba ta faɗa ba.

Dattijon Dabai: 'Yata, a ƙasa ake haɗa jinka. Wani ya yanko ciyawa, wani ya tufka igiya, gwani ya yi tanka ya ɗaure baki. Ranar ɗagawa kuma ba rububi ake yi ba. A kewaye ta, dogaye su karɓa daga sama, wasu su shiga ƙarƙashi da sanduna, mutum ɗaya ya ba da murya a ɗaga tare. Mutum ashirin su taru gefe guda, jinkar karkacewa za ta yi ta karye.

Nas daga Yelwa: Baba ya yi gaskiya, kuma a wurin duba marasa lafiya kyauta abin ya fi fitowa fili. Layin yana buƙatar tebur huɗu a jere: mai rubuta suna da shekaru a kati, mai awon jini da nauyi da gwajin zazzaɓin cizon sauro, mai duba mara lafiya, sai mai ba da magani. Inda aka fi samun ɓarna shi ne tebur na ƙarshe, domin nan ake ajiye duk wanda aka rasa aikin ba shi. Maganin zazzaɓi na Coartem, babba mai nauyin kilo 35 ko fiye yana shan ƙwaya 4 safe da yamma kwana 3, ƙwaya 24 ke nan, kuma da abinci mai ɗan maiƙo. Yaro da nauyinsa ake auna masa. In mai ba da maganin bai yi bayani ba, mutum zai sha na kwana ɗaya, ya ji sauƙi, ya raba sauran wa iyalinsa. Maganin tsutsar ciki kuwa ba a ba mace mai ciki a watanni uku na farko, to dole a tambaya, kuma mace ce ya kamata ta yi tambayar, a keɓe.

Malamar Lahadi: Na ji, Anti. To a ce "kowa da kiwon da ya karɓe shi" mana, ai ita ta fi dacewa.

Fasto Ribah: A'a Malama, wannan rabuwa take nunawa, kowa ya kama gabansa. Ƙarasa ta ki ji: maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Ba zaman tawaga ba ke nan. Ni hannun da ake yawan mantawa shi ne na tafinta. A ƙasar Zuru akwai tsofaffi da mata da Hausarsu ta kasuwa ce kawai, zancen zuci sai da Dakarci ko Fakanci, wajen Yauri kuma Kambarci. Mai wa'azi ya faɗi jimla ɗaya ya tsaya, kada ya zuba minti uku yana jiran a juya. Tun da dare su zauna tare su bi ayoyin da za a karanta. Sannan kafin a sauke kaya, dattawa biyu da faston wurin su je gaida hakimi ko mai gari. Wannan aikin masu furfura ne, saurayi mai zafin wa'azi ba zai iya shi ba.

Maman Zumunta: Fasto, har yanzu ba wanda ya ambaci tukunya. Mudu ɗaya na shinkafa yana ciyar da mutum takwas zuwa goma. Tawagar mutum 30 na cin kamar mudu 4 a zama ɗaya, amma a ƙara rabin haka, gama yaran gari za su zo, kuma ba a korar yaro daga bakin murhu a wurin da aka je bishara. Mutum biyu aikinsu ruwa da itace kawai. In ba a naɗa su tun daga gida ba, masu girki ne za su tafi rijiya, abincin rana ya kai la'asar, masu duba marasa lafiya su tashi da yunwa.

Injiniya Birnin Kebbi: Mama, a ƙara da mai janareta. Mutum ɗaya ne zai riƙa taɓa shi. A tafi da fulogi na ajiya, da man inji, da fetur na dare biyu fiye da lissafi. A gwada majigi da lasifika tun a gida a kan janaretan da za a tafi da shi. A ajiye shi nesa, bayan iska, in ba haka ba ƙararsa ta danne tafinta. Tafiya kuma da rani bayan girbi, a fita da safe a isa da rana, direba ya tambayi 'yan gari halin hanya a ranar, musamman wajen Danko-Wasagu.

Malamar Lahadi: To na yarda da rabi. Amma tun da murya ɗaya ake bi, wa ke ba da ita? Mai wa'azi?

Fasto Ribah: Ba lalle ba. A Ayyukan Manzanni 6 manzanni sun keɓe mutum bakwai domin hidimar abinci, su kuma suka riƙe addu'a da Maganar Allah. Jagoran tafiya ya zama mai iya tsara lokaci da kuɗi, ko da bai iya tsayuwa gaban taro ba. Katunan masu neman a sake ziyartarsu kuma a hannun faston ƙauyen za a bar su kafin mota ta tashi.