Neman shawara: kwamfutar wasanni da jikka 400 a Yamai

Ɗan Bukoki ya rubuta:

Assalamu alaikum, yayyena da malamaina. Na kai wata goma sha huɗu ina tara kuɗi daga ɗan aikin buga takardu da nake yi idan na taso daga jami'a, kuma yanzu abin da ke hannuna ya kai jikka 400 na sefa. Burina shi ne in mallaki kwamfutar tebur wadda za ta ɗauki EA Sports FC da eFootball da GTA V ba tare da hoto yana sarƙewa ba, a kan sikirin mai 1080p da yayana ya bar mini, saboda haka kuɗin sikirin da madannai ba sa cikin lissafin.

Ranar Asabar na zaga shagunan da ke kewayen Babbar Kasuwa, inda wani mai shago ya nuna mini wata haɗaɗɗiyar kwamfuta mai gidan gilashi da fankoki uku masu canza launi. Ya ce furosesarta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Core i7 ce, RAM ɗinta, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, gigabait 16, katin hotonta RX 580 mai gigabait 8, kuma zai bar mini ita a jikka 330. Da na tambaye shi ko i7 ɗin ta wace shekara ce, sai ya yi dariya ya ce ai i7 i7 ce, babu abin da ke gabanta sai i9. Na dai duba takardar da ke manne a bayanta na ga an rubuta 4770. Shin in saye ta, ko kuwa in sayi kayan ɗaya bayan ɗaya in haɗa? Idan haɗawar ce ta fi, wane ɓangare ya kamata ya ci mafi yawan kuɗin? Ɗakina ba shi da na'urar sanyaya iska, fankar sama ce kawai.

Malam Mai Gyara, Talaje, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi maka albarka da ka duba wannan takarda kafin ka ƙirga kuɗi, domin lambar nan 4770 ita ce ta tona asirin cinikin. Core i7-4770 ta fito ne a shekarar 2013, cibiya huɗu take da ita, tana aiki da tsohuwar RAM ta DDR3, kuma gurbin da ake zaunar da ita, LGA1150, an daɗe da daina ƙera masa sabuwar furosesa, don haka duk ranar da ta gaza maka sai ka sauya uwar allo, wato babban faifan da ake ɗaura duk kayan a kai, da RAM da furosesa gaba ɗaya. Bayan haka ba ta cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su, domin a ɓangaren Intel daga zubi na takwas aka fara, 4770 kuwa zubi na huɗu ce, ita kuma Windows 10 kamfanin Microsoft ya sa ranar 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ƙarshen tallafinta. Sunan i7 matsayi yake nunawa a cikin zubi guda, ba ya nuna ƙarfi tsakanin zubi da zubi. Ƙaramar Core i3-12100F ta shekarar 2022 ta fi waccan i7 gudu a wasanni nesa ba kusa ba.

Katin kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. RX 580 ya fito a 2017, yana shan wuta wajen wat 185, kuma yana cikin katunan da masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum suka riƙa kunnawa dare da rana har zuwa watan Satumba na 2022, lokacin da tsarin ya daina amfani da katin hoto, suka zubo su kasuwa a kan araha. Akwai kuma wani nau'i mai suna RX 580 2048SP da aka yi domin kasuwar Sin, wanda a gaskiya RX 570 ne aka sauya wa riga, tunda cikakken RX 580 ƙwayoyin aikinsa 2304 ne. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawo mini gyara, idan na buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan katin hoto, 2048 nake gani, mai kaya kuwa ya rantse cikakke aka sayar masa.

Da ni ne kai, zan gina ta a kan gurbin AM4 na kamfanin AMD, wanda yake nan tun 2016 kuma kayansa sun yawaita har sun yi sauƙi. Ka nemi Ryzen 5 5600, mai cibiya shida da wat 65, wadda idan a kwalinta take tana zuwa da fankarta, sai uwar allo B550, ko B450 idan kuɗi sun matse, amma ka tabbatar an sabunta mata BIOS, wato manhajar da ke cikin uwar allon, a gabanka, in ba haka ba, za ka kunna ka ga sikirin baƙi ƙirin, ka ɗauka kaya ne suka lalace. RAM ka sayi DDR4 mai gudun 3200, sanda biyu masu gigabait 8 kowace, kada ka yarda da sanda ɗaya mai 16 ko da an rage maka, domin sanda biyu suna buɗe hanya biyu tsakanin RAM da furosesa. Mafi tsoka a kuɗin, kusan kashi biyu cikin biyar, ka ba katin hoto, kuma a wannan mataki RX 6600 nake so: gigabait 8 ne shi ma, ya fi RX 580 ƙarfi ƙwarai, amma wat 132 kawai yake sha, wanda a ɗakin da ba shi da sanyi ba ƙaramin abu ba ne. Idan wani ya faɗa maka farashi daga shafin Faransa, ka ninka kowane yuro da sefa 656 kafin ka ɗora kuɗin jigila da na kwastan, sannan ka kwatanta da na shagunanmu.

Ƴar Harobanda ta amsa:

Malam, Allah ya ƙara sani, ban ja da bayaninka a kan waccan i7 ba, amma ina ganin jikka 400 za ta yi wuyar ɗaukar dukkan abin da ka lissafa idan sababbi ake nufi. Hanyar da na bi a bara ita ce na sayi Ryzen 5 5600G, wadda take da nata ɓangaren hoto a ciki, na kunna kwamfutata ba tare da wani kati ba, na yi wata bakwai ina buga eFootball da GTA V a ƙananan saituna, sai da na samu katin da hankalina ya kwanta da shi sannan na saya. Amfanin haka shi ne mutum ba ya sayen kati cikin gaggawa, kuma ranar da katin ya samu matsala kwamfutar ba ta zama gunki a kan tebur, tunda ita 5600 marar G ba ta iya nuna ko da rubutu sai da kati. Ɗan'uwa, ina kuma tuna maka da ma'ajiya, domin babu wanda ya ambace ta: FC kaɗai yana neman wajen gigabait 100, GTA V ma ya kusa haka, saboda haka SSD, wato ma'ajiya mai sauri, mai gigabait 256 da masu shago suke son liƙa wa mutane zai cika tun kafin ka sauke wasa na uku. Ka nemi SSD nau'in NVMe mai gigabait 500 aƙalla, in da hali terabait ɗaya.

Baƙon Tawa ya amsa:

Ni daga Tawa nake rubutu, kuma ba zan yi magana a kan furosesa ba, domin waɗanda suka fi ni sani sun yi. A kan akwatin wuta, wanda ke rarraba wa kayan cikin kwamfuta lantarki, zan tsaya, saboda a nan na ɗebo da zafi. Shekara biyu da suka wuce na haɗa tawa, na zuba kuɗina duka a kati, ya rage mini ƴan canji, sai na sayi wani akwatin wuta marar suna da aka rubuta wa wat 700 a jiki, mai sauƙin nauyi kamar gwangwanin madara da babu komai a ciki. Wata rana cikin watan Mayu, da azahar, ana irin zafin nan da ke haura digiri 40, aka ɗauke wuta aka maido ta cikin ƴan daƙiƙu. Na ji ƙara ɗaya kamar an fasa leda, wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan gidan kwamfutar, ɗakin ya cika da warin ƙonanniyar roba. Da aka buɗe, akwatin ya tafi da uwar allo, Allah ya taimake ni katin ya tsira. Jikka ashirin da na yi ƙyashin ƙarawa ita ta jawo mini asarar da ta ninka ta sau uku.

Don haka, ƙanena, ka ware kuɗin akwatin wuta tun farko kafin ka fara cinikin sauran kaya. Haɗin da Malam ya faɗa ba zai wuce shan wat 300 ba ko ana tsakiyar wasa, saboda haka wat 550 na kamfanin da aka sani, irin su Corsair ko Seasonic ko Cooler Master, ya wadatar, kuma ya fi wat 700 na ƙarya. Tambarin 80 Plus Bronze yana nuna cewa akwatin ba ya ɓarnar wuta da yawa, amma ba shi ne shaidar inganci ba, kuma ana buga shi a kwalayen jabu, don haka ka ɗaga akwatin ka ji nauyinsa, ka karanta a jikinsa nawa layin bolt 12 yake bayarwa, domin daga nan kati da furosesa suke sha. Sannan ka sa na'urar UPS, mai batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, cikin lissafi, ka kuma lura cewa lambar VA da ake rubutawa ba wat ba ce: mai 650 VA abin da take ɗauka bai kai wat 400 ba, mai 1000 VA ce za ta ba ka sararin kashe kwamfuta da sikirin cikin natsuwa.

Gidan gilashin nan da ya burge ka kuwa, a ƙasarmu murhu ne. Ka nemi mai raga a gaba wanda iska ke ratsawa, mai matatar ƙura da ake zarewa a wanke, ka ɗora shi a kan tebur maimakon ƙasa. Ni a lokacin hunturu duk mako biyu nake zare matatar, kuma abin da nake kakkaɓewa ya isa a shuka gero.

Malam Mai Gyara ya sake amsawa:

Ƴata, shawararki tana da kyau ga wanda kuɗinsa ba su kai ba, sai dai a san abin da ake bayarwa a madadinta. 5600G tana da ma'ajiyar L3, wato ƴar ma'ajiyar cikin furosesa, megabait 16, rabin na 5600 da ke da 32, kuma wasanni suna jin wannan bambanci da zarar an sa kati mai ƙarfi. Sannan a ɓangaren PCIe, wato hanyar da ke haɗa kati da furosesa, a PCIe 3.0 ta tsaya. Da RX 6600 ragin da hakan ke kawowa kaɗan ne, ba abin da zai hana barci ba, amma wanda ya bi hanyarki ya nisanci RX 6500 XT ko da an yi masa araha, domin layi huɗu kawai yake amfani da su kuma gigabait 4 gare shi, a kan PCIe 3.0 sai ya shaƙe. Ga Ɗan Bukoki, tunda yana da sikirin, ina ganin zai iya kai wa ga kati yanzu idan ya yarda da na hannu a wasu wurare. Furosesa da RAM ba su cika lalacewa ba, ana iya sayen waɗanda aka yi amfani da su. Akwatin wuta da SSD kuwa sababbi nake so. Idan katin na hannu ne, kada ya biya sai an kunna manhajar gwajin kati ta FurMark a gabansa na minti goma sha biyar, yana kallon zafin da fankokin, kuma babu ɗigo-ɗigo ko layuka masu launi a sikirin. Mai shagon da ya ƙi wannan gwaji ya riga ya ba shi amsa.

Ɗan Bukoki ya dawo:

Na gode ƙwarai, Malam, da yaya ta Harobanda, da yayana na Tawa, Allah ya saka da alheri. Jiya na koma shagon da GPU-Z a kan filashi, mai shagon ya bari na gwada bayan ɗan ja-in-ja, kuma 2048 ta nuna, sai na yi masa sallama cikin mutunci. A wani shago kusa da Wadata na samu Ryzen 5 5600 ta hannu tare da B450 da aka riga aka sabunta, na kuma sayi sabon akwatin wuta mai wat 550 da sandunan RAM biyu da NVMe mai gigabait 500. Da na cire kuɗin UPS da na gida mai raga, abin da ya rage bai kai farashin RX 6600 da aka faɗa mini ba da jikka 25, amma akwai GTX 1660 Super na hannu, mai gigabait 6, wanda kuɗina za su iya saya yau. Malam, in ɗauke shi, ko in jira albashin ƙarshen wata? Idan jira ne, zan kawo maka kayan shagonka ranar Lahadi bayan la'asar mu fara ɗaura furosesar, domin ina tsoron lanƙwasa ƴan ƙafafun nan nata da hannuna.