Neman shawara: yaya zan jera muryoyin dattawan da suka ga harin Harami na 1979?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni haifaffiyar Makka ce. Na daɗe ina naɗar hira da dattawanmu na unguwannin Misfala da Shara Mansur waɗanda suka ga abin da ya faru ranar 1 ga Muharram 1400, wato 20 ga Nuwamba 1979, ranar da Juhaiman al-Utaibi da mutanensa suka rufe ƙofofin Masallacin Harami da Asuba, suka ce ɗan'uwan matarsa Muhammad al-Ƙahɗani ne Mahadi. Littafi nake son yi da Hausa, amma na rasa ta inda zan kama. In ba kowane dattijo babinsa, ko in yayyanka maganganunsu in jera bisa lokaci? Ga shi bakinsu bai zo ɗaya ba. Wata Hajiya ta ce tun kafin a idar da salla ta ji harbi, wani Baba ya ce sai da liman ya sallame. Na wa zan ɗauka?

Wani malami daga Madina:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Jera bisa lokaci, daga wannan Asubar har 4 ga Disamba da aka gama. Mai karatu ya san yadda aka ƙare, su kuwa a ranar ba su sani ba, kuma nan ne nauyin littafinki yake. Alhazai da yawa da ba su koma gida bayan Hajji ba, ba sa jin Larabci. Suna jin ana magana a lasifika, ba su san mubaya'a ake nema ba. Gwamnati kuma ta katse layukan tarho zuwa ƙasashen waje, 'yan uwa a gida sai jita-jita. Saboda haka kada ki sa sunan Juhaiman a bakin mutumin da bai taɓa jin sunan ba sai daga baya. Idan "waɗansu masu gemu da bindiga" ya ce, ki bar shi haka.

Wata Hajiya daga Jidda:
Malam, ban yarda a yayyanka duka ba. Tsoho idan yana ba da labari yakan ratse, ya tuna maƙwabcinsa, ya yi shiru, ya dawo. Idan aka datse wannan, bayani kaɗai ya rage, mutumin ya tafi. 'Yata, ki bar ko mutum biyu su yi maganarsu ba katsewa. Batun saɓani kuma, ki ajiye maganar Hajiya kusa da ta Baba, ki faɗi inda kowa yake tsaye. Wanda ke wajen Safa da wanda ke gaban Ka'aba ba abu ɗaya kunnensu ya ji ba, ga tsoro, ga shekaru sama da arba'in.

Wani tsohon ɗan jarida daga Riyad:
Abin da ya tabbata ki faɗe shi da muryarki, a taƙaice: maharba a kan hasumiyoyi, fatawar malamai da ta halatta amfani da ƙarfi, faɗan da ya koma ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, da mutum 63 daga cikin maharan da aka zartar wa hukuncin kisa ranar 9 ga Janairu 1980. Sauran na shaidu ne. Kowanne ki tambaye shi: da idonka ka gani, ko gaya maka aka yi? Ki nuna bambancin a rubuce. Kada ki ƙirƙiri zance tsakanin mutane don labari ya yi daɗi, an rasa rayuka a wurin. Ki sauya sunan wanda ya nema, kuma ki karanta masa abin da kika rubuta kafin a buga.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Baba na Riyad, tambayoyina fa, in bar su a ciki ko in cire?

Tsohon ɗan jaridar:
Cire su, sai inda amsar ba za ta fahimtu ba in babu tambayar. Wanda ya ce ba zai amsa ba, ki rubuta tambayar, ki rubuta cewa ya ƙi.