Shin tsaurara tsaron Wi-Fi ne ya rage mini gudun intanet a shago?

Mai Shago Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ƙaramin shago a Agege inda muke buga takardu, muna cike wa ɗalibai fom ɗin jarrabawa, muna kuma tura wa 'yan kasuwa takardun kayansu. Akwai kwamfuta huɗu, da na'urar POS biyu, da wata firinta da ta kwana biyu a duniya, kuma dukkansu Wi-Fi ɗin rauta ɗaya suke hawa, wato na'urar da ke raba intanet a shagon. Layin da nake biya duk wata na megabit 50 ne, kuma a da idan na gwada gudunsa da sassafe nakan ga 43 ko 45.

Wata biyu da suka wuce sai na lura kalmar sirrinmu ta zama ruwan dare a layin, domin duk yaron da ya zauna a bencin mai shayin da ke gefenmu ya haddace ta, har da dare bayan mun rufe za ka tarar da su jingine da ƙofar shagon suna kallon ƙwallo. Na kira wani matashi daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ya canza kalmar sirrin, ya ɓoye sunan Wi-Fi ɗin, ya shigar da lambobin shaidar na'urorinmu a rautar ɗaya bayan ɗaya domin su kaɗai ta bari su hau, ya kuma taɓa wasu abubuwa da ban gane ba domin firintar ta ƙi haɗuwa da farko. Yaran kam sun watse. Amma tun daga ranar, ko da asuba na gwada da kwamfuta ɗaya tak a kunne, gudun ba ya wuce 21. Da na koma masa sai ya ce haka abin yake, wai tsaro yana cin gudu, kamar yadda ƙofar ƙarfe mai kwaɗo uku ta fi labule wahalar wucewa. Ina roƙon masana su fayyace mini: gaskiya ne sai na zaɓi ɗaya tsakanin tsaro da gudu?

Injiniya Ikeja ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Misalin ƙofar ƙarfen yana da daɗin ji, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Kafin komai, ka duba kusurwar kwamfutarka inda ake nuna bayanin haɗin Wi-Fi, ka ga adadin da aka rubuta a matsayin gudun haɗi tsakaninta da rauta. Ina kyautata zaton 54 za ka gani, kuma idan haka ne, ga dalilinsa.

Kullen Wi-Fi iri-iri ne, kowanne da zamaninsa. Na farko shi ne WEP, wanda masu bincike suka fallasa rauninsa tun 2001, yau kuwa cikin 'yan mintuna ake fasa shi. A 2003 aka fito da WPA mai amfani da tsarin TKIP, kuma tun asali faci ne aka yi domin tsofaffin na'urori su samu abin riƙewa kafin a gama na dindindin. Na dindindin ɗin ya zo a 2004, wato WPA2 mai sirranta bayanai da AES, sai kuma WPA3 a 2018. To, lokacin da aka kammala ƙa'idar 802.11n a 2009, wadda ita ce ta ɗaga gudun Wi-Fi ya haura abin da aka saba, sai aka shar'anta cewa duk haɗin da aka kulle da WEP ko TKIP ba zai samu sabon gudun ba, dole ya koma iyakar tsohon zamani, megabit 54. Wannan 54 ɗin ma a takarda yake, domin na'urorin Wi-Fi ba sa magana lokaci ɗaya, kowace sai ta saurara ta ji iska shiru, ta aika, ta jira a ce mata an karɓa, shi ya sa abin da ke isowa hannu yakan tsaya tsakanin 20 da 25. Ka ga 21 ɗinka ba daga sama ya faɗo ba. Zatona shi ne da firintar ta ƙi haɗuwa, sai matashin ya sauko da rautar gaba ɗaya zuwa TKIP domin ya faranta mata, ya jawo wa sauran na'urori shida asara saboda guda ɗaya, kuma abin takaicin shi ne kullen da ya koma wa ya fi wanda ya bari rauni.

Shi kuwa AES ɗin kansa, abin da yake ci bai taka kara ya karya ba. A kan kowane ƙunshin bayani da ke tafiya a iska, wanda kan kai baiti 1500 a ma'aunin girman bayani, baiti 16 kacal ake ƙarawa, wato kusan kashi 1 cikin 100, sannan lissafin kullewa da buɗewa ba babban injin rautar ke yin sa ba, akwai sashen da aka gina masa musamman a cikin ƙwayar rediyon. Tsawon kalmar sirri ma ba ya rage komai. Ko harafi 8 ka sa ko 63, waɗanda su ne iyakar ƙasa da ta sama, ana sarrafa ta ne ta koma mabuɗi mai tsawo ɗaya a lokacin haɗuwa, daga nan ba a sake waiwayarta. Saboda haka ka shiga shafin rautar, ka zaɓi WPA2 da AES zalla, ka guji duk zaɓin da aka rubuta TKIP a jikinsa, firintar kuma ka haɗa ta da kebul.

Dillalin Albasa Mile 12 ya amsa:

Alhaji, ni ba injiniya ba ne, amma ga abin da na yi a ofishinmu na kasuwa. Na cire kalmar sirrin gaba ɗaya, na bar ɓoye suna da rajistar lambobin shaidar na'urori kawai, tunda wanda bai san sunan ba ba zai gan shi ba, wanda kuma ba a rubuta lambarsa ba ba zai shiga ba. Shekara guda ke nan ban ga baƙo a kai ba, kuma gudun bai taɓa raguwa ba. Ina ganin wannan ya fi sauƙi da a yi ta fama da haruffan da ba kowa ke gane su ba.

Malamar Kwamfuta Idi-Araba ta amsa:

Alhaji na Mile 12, da girmamawa, ina roƙon ka mayar da kalmar sirrin nan tun yau, domin an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Rashin ganin baƙo ba ya nufin babu mai saurare. Wi-Fi ɗin da ba shi da kulle yana watsa bayanai a iska a buɗe, kuma mai son karantawa ba ya buƙatar ya shiga, ya ishe shi ya zauna kusa da kwamfutarsa. Gaskiya ne yawancin shafukan banki da na saƙo suna da nasu kullen daban, amma takardar da kwamfuta ke tura wa firinta sau da yawa ba ta da shi, kuma a shago irin na Alhajin Agege waɗannan takardun su ne katin ɗan ƙasa da hotunan fasfo da sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane.

Ɓoye suna kuwa ba ya ɓoye komai ga wanda ya san aikin, domin duk lokacin da wata waya ta zo haɗuwa sai ta ambaci sunan a fili. Hasali ma yana ƙara ɗan nauyi, saboda wayar da aka saba mata da ɓoyayyen suna takan yi ta kiransa tana tambaya ko yana kusa, maimakon ta jira rauta ta yi shela, kuma wasu ƙananan na'urori kan yi jinkirin komawa kansa bayan an ɗauke wuta. Lambar na'ura ita ma a fili take tafiya, kwaikwayonta aikin minti biyu ne. Ƙari a kan haka, tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi kan ƙirƙiro wa kansu lambar wucin gadi a kowane Wi-Fi, har ya zama wanda rajistar ta fi korewa shi ne ma'aikacinka da ya sake saita wayarsa. A makarantarmu mun yi zango guda muna wannan wahala, kullum da safe akwai malamin da zai leƙo ɗakin kwamfuta ya ce an kulle shi a waje, daga ƙarshe muka watsar da tsarin.

Amma kada a ɗauka matashin Ikeja ƙarya zalla ya yi, domin akwai matakan tsaro da ke cin gudu da gaske, sai dai ba kullen iska ba ne. Mu a makaranta mun kunna wani sashe na rautarmu da ke bincika kowane ƙunshi domin tare shafukan da ba su dace da yara ba, sai gudun ya faɗi warwas da zarar aji guda ya hau. Dalili shi ne ƙaramar rauta tana da wata gajerar hanya da take wuce da bayanai ba tare da ta tsaya dubawa ba, kuma da zarar ka ce ta duba komai sai ta rufe wannan hanyar, nauyin duka ya koma kan ɗan injinta. Haka ma VPN, wato tsarin da ke sirranta bayanai ya bi da su ta wata keɓantacciyar hanya a intanet, idan a cikin rautar aka ɗora shi. Mun ga tacewar ta zama dole saboda yara, don haka muka sayi na'ura mai ƙarfi ta riƙa yin aikin. Shagon buga takardu ba ya buƙatar wannan.

Game da WPA3, ya fi ƙarfi, musamman saboda yana hana wanda ya naɗi saƙonnin da na'ura da rauta ke musaya lokacin haɗuwa ya koma gida ya yi ta gwada kalmomi har ya dace, kuma bayan an haɗu ba ya rage gudu. Sai dai ka fara gwada na'urorin POS ɗinka kafin ka koma kansa, domin tsofaffin na'urori da dama ba su san shi ba, wasu ma ko a zaɓin da ya haɗa WPA2 da WPA3 sukan turje.

Injiniya Ikeja ya ƙara da cewa:

Malama ta gama magana, abu biyu kawai zan ƙara. Na farko, Alhaji, ka kashe WPS, wato tsarin nan na haɗuwa da lamba takwas da ake liƙawa a ƙasan rauta. Tun ƙarshen 2011 aka nuna cewa rauta kan duba lambar ne rabi-rabi, kuma ta ƙarshe ta tantancewa ce kawai, don haka gwaji 11,000 ya isa a gano ta, daga nan kuma ta miƙa kalmar sirrinka komai tsawonta. Kashe shi ba ya rage maka ko megabit ɗaya. Na biyu, ka sabunta manhajar rautar da ta kwamfutocin, domin raunin KRACK da Mathy Vanhoef ya bayyana a 2017 a cikin WPA2 da sabuntawa aka toshe shi, ba da sayen sabon kaya ba.

Sannan kada ka yi mamaki idan bayan gyaran ka ga gudun yana sauka da yamma. A zangon rediyo na gigahaz 2.4 da Wi-Fi ke amfani da shi, tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma a unguwa mai cunkoso irin Agege, inda kowane shago da kowane ɗaki ke da tasa 'yar na'urar, kowa jiran kowa yake yi kafin ya aika. Wannan cunkoson iska ne, babu ruwan kulle a ciki. Idan rautarka tana da zangon gigahaz 5, ka mayar da kwamfutocin can, tunda a ɗaki ɗaya suke da ita.

Mai Shago Agege ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri, Injiniya da Malama. Jiya bayan sallar isha'i, da muka sallami mutum na ƙarshe, na sa yarona ya buɗe bayanin haɗin, sai ga 54 ɓaro-ɓaro kamar yadda aka faɗa, a shafin rautar kuma muka tarar da WPA da TKIP. Muka mayar da shi WPA2 da AES, muka fito da sunan fili, muka cire rajistar lambobi, muka kashe WPS, muka sa sabuwar kalmar sirri mai harafi 20 wadda ni da yaron kaɗai muka sani. Haɗin ya koma 144, gwajin gudu kuma ya ba mu 44. Na'urorin POS duka biyu sun hau ba gardama. Firintar ce ta ƙi, kamar yadda ta yi wa matashin, amma da muka juya bayanta sai muka ga ashe tana da ramin kebul da ƙura ta cike, kuma yau da safe da kebul na mita uku ta buga fom goma sha biyu.

Rautar ba ta da zangon gigahaz 5, kuma da yamman nan na ga 30, don haka gobe zan gwada tashoshin nan uku ɗaya bayan ɗaya. Mai shayi kuma ya aiko yana tambaya ko zan buɗe wa masu zama a bencinsa wani layi daban ya riƙa biyan wani abu duk wata. Na ga rautar tana da sashen baƙi, amma ban taɓa shi ba tukuna. Injiniya, idan na buɗe shi, megabit nawa ya kamata in ƙayyade musu don kada su dame mu a lokacin cike fom?