Neman shawara: wace ƙota ce ta dace da libarbar .44 Magnum?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni a Texas nake zaune, kuma bana ina so in fara fita farautar barewa da libarba irin ta kaboyi, wadda sai ka ja hama (ƙarfen bayanta mai bugun harsashi) da babban yatsa kafin kowane harbi. Ranar Asabar na bi wani abokin aikina filin harbi ya ba ni tasa mai cin harsashi mai ƙarfi da ake kira .44 Magnum in gwada, wallahi harsashi goma sha biyu kawai na harba gaɓar yatsana na tsakiya ta kumbura, ƙaramin yatsa kuma bai ma samu wurin zama ba, a ƙarƙashin ƙotar yake lilo. Hannuna babba ne. A shago an nuna min libarba masu fasalin ƙota kala uku, mai ƙotar garma da Bisley da mai kan tsuntsu, kowa da abin da yake yabo. Don Allah wanda ya riƙe su ya ba ni shawara kafin in zuba kuɗina.

Kawu na Arizona:
Wa alaikumus salam ɗana. Ni shekara da shekaru ƙotar garma nake riƙewa, ita ce ta libarbar kamfanin Colt ta 1873, kuma daga Colt Navy ta 1851 suka ɗauko fasalinta. Abin da mutane ba sa ganewa shi ne ba a yi ta don ka danne ta ba, in ka harba sai ka bar ta ta mirgina a tafin hannunka baki ya tashi sama, hamar ta dawo daidai babban yatsa ka sake ja. Da hannu ɗaya ake harba ta a kan doki, shi ya sa. Ƙaramin yatsan da kake kuka da shi nan ƙasa ne wurinsa, ni da gangan nake sa shi. Amma fa gaskiya da harsashin .45 Colt na gargajiya ko .357 take daɗi, in aka kai .44 Magnum mai nauyi mirginawar tana yin yawa, kowane harbi sai ka gyara riƙo.

Ɗan'uwa daga Ohio:
Kawu ya gama magana a kan garma, ni kuma Bisley zan ce maka ka saya kai tsaye ba wani kwana-kwana. Sai dai ka sani Bisley biyu ce. Akwai ta Colt ta 1894 wadda aka sa mata sunan filin gasar harbi na Bisley a Ingila, ita ta lanƙwashe sosai ta shige ciki, don masu gasa aka yi ta. Sannan akwai ta kamfanin Ruger da ta fito a tsakiyar shekarun 1980, suna kawai suka haɗa, ita ta fi kama da bindigar Elmer Keith, wani sanannen maharbi ɗan Amurka, da ake kira No. 5. Ta Ruger nake nufi. Ta fi tsawo, duk yatsunka za su zauna, kuma ta fi miƙewa tsaye, to in ta yi shuri ƙarfin yana tafiya baya cikin tafin hannu da damtse maimakon ta juye sama ta murɗe maka wuyan hannu, ga hamarta ƙasa-ƙasa take da faɗi ba sai ka saki riƙo ba kafin ka ja. Ni da ita nake harba .44 kuma ina gama kwali ɗaya mai hamsin hannuna lafiya lau.

Yaya daga Dallas:
Malam tsaya, ka duba zoben da ya kewaye kunamar bindigar abokin naka, bayansa zagaye yake ko mai kusurwa? In mai kusurwa ne irin na tsohuwar libarbar Colt Dragoon, ga masu babban hannu sau da yawa shi ke dukan gaɓa. Kuma kar a ce maka Bisley ba ta yi, tazarar da ke tsakanin zoben da ƙotarta ba yawa, akwai masu kaurin yatsu da ita ma take duka. Ka je filin da ke bayar da haya ka harba ko shida-shida, riƙewa a shago ba ya nuna komai.

Mai tambaya:
Yaya na kira shi yanzu, ya ce mai kusurwa ne. To ita mai kan tsuntsun fa? Gaskiya ita ta fi shiga raina don kyau.

Ɗan'uwa daga Ohio:
Kyau kam akwai shi, amma gajera ce kuma gindinta a dunƙule, ta ɗauka a ƙugu ce da harsashi mara ƙarfi. Da hannunka da .44 ka manta da ita.

Kawu na Arizona:
Ƙarin abu biyu ɗana. In ka sayi garma kana tunanin daga baya ka canza zuwa Bisley, ba kunce sukurori kawai ba ne, sai an canza hama da kunama kuma maƙerin bindiga ya daidaita, gara ka sayi wadda kake so tun farko. Na biyu, in zuciyarka ta karkata ga Colt ko kwafinta na Italiya mai tsarin da, harsashi biyar ake sawa maimakon shida, hama ta kwanta a kan ramin da babu komai, don in ta faɗi tana iya tashi. Ruger tun 1973 sun sa ƙarfen da ke hana faruwar hakan.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya in kana da sarari Asabar mai zuwa mu haɗu a filin da ka sani mai haya, in gwada Bisley ɗin da garma mai zagayayyen zobe, kuɗin harsashi a kaina.