Norfolk Tides a ƙarshen kakar 2023: abin da muka gani a fili daga Agusta zuwa Satumba

Mai Tikitin Kaka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu zuwa kallon besbol na ƙananan lig a nan Amurka, ina so mu tattara abin da idonmu ya gani kan abu guda: ƙungiya ta yi ta lallasa kowa daga Afrilu zuwa Yuni, Agusta na shigowa sai ka ga kamar an zare mata laka. Mu ɗauki Norfolk Tides ta 2023, tunda yawancinmu Harbor Park, filin gidan Norfolk, ne filinmu. A rabin farko na kaka ta ci wasa 48, aka ci ta 26. Ta ƙare kaka da 90 da 59, wato rabi na biyu 42 da 33 ke nan, kuma Durham Bulls ce ta lashe shi. Duk da haka Norfolk ce ta ɗauki kofin lig ɗinta, International League, karon farko tun 1985, ta wuce Las Vegas ta ɗauko na Triple-A baki ɗaya, wato matakin da ke ƙasa da babbar lig kai tsaye. Me ya rage mata ƙarfi, me kuma ya dawo da shi? Don Allah a kawo abin da aka gani, ban da zato.

Kawu Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka duba tebur, buɗe shafin shige da fice na ƙungiyar, nan amsar take. Norfolk reshen Baltimore Orioles ta babbar lig ce, kuma uwar gida ba ta neman izini in za ta ɗauki ɗanta. Jordan Westburg ya tafi ranar 26 ga Yuni, bai dawo ba. Colton Cowser ya bi shi farkon Yuli. Grayson Rodriguez, wanda aka sauko da shi ƙarshen Mayu don ya gyara jifansa, ya koma sama tsakiyar Yuli. Ranar 1 ga Agusta, ranar rufe kasuwar musayar 'yan wasa, Baltimore ta ba St. Louis Cardinals César Prieto da Drew Rom da Zack Showalter ta karɓo Jack Flaherty. Biyun farko daga Norfolk aka ɗebe su. Heston Kjerstad kuma aka kira shi tsakiyar Satumba, ana dab da wasannin kofi.

Ƙirga da kyau: mai tsaron cikin fili, masu tsaron bayan fili biyu, masu fara jifa biyu, da mai bugu guda, cikin abin da bai kai wata uku ba. Rigar dai ita ce, amma waɗanda ke cikinta daban. Kuma a shekarar Baltimore na fafutukar lashe rukuninta, ta ƙare da nasara 101. Duk shekarar da uwar gida ke neman kofi, reshe ne ke biyan kuɗin.

Ƙanin Kowa:
Kawu, a yi mini afuwa, ni daga ƙwallon ƙafa na shigo. Kocin Norfolk ba shi da ikon ya ce a bar masa ɗan wasa sai an gama kofi? Kuma in suka yi ta faɗuwa ba a mayar da su rukunin ƙasa?

Kawu Mai Lissafi:
Ƙanena, ko ɗaya. Babu hawa babu sauka a nan. Ko ƙungiya ta zo ta ƙarshe, badi tana Triple-A. Buck Britton ne kocin a lokacin, amma Baltimore ce ke biyan albashinsa da na 'yan wasan, ita ke faɗin wa zai buga a wane wuri da kuma jifa nawa wane zai yi. Aikinsa ya shirya mutane, cin wasa yana biye ne.

Ka riƙe ƙa'idoji uku, su ke juya Satumba. Ranar 1 ga wata manyan ƙungiyoyi kan ƙara mutum biyu a jerin 'yan wasansu, daga 26 zuwa 28. A da har 40 ake yarda, reshe ya wayi gari kamar kasuwar da ta watse. Yanzu da sauƙi. Na biyu, wanda aka sauko da shi sai ya yi kwana 10 kafin a sake kiransa, mai jifa kuma kwana 15, sai dai in wani ya ji rauni a sama. Na uku, ba a sauko da mutum ɗaya fiye da sau biyar a kaka. Shi ya sa za ka ga mai jifan canji mai kyau ya ɓace ranar Laraba, wani da ya gaji a Baltimore ya maye gurbinsa da hannu a mace, ba zai iya jifa ba sai Asabar.

Hajiya Bayan Raga:
Kawu ya faɗi na takarda, bari in faɗi na tudun jifa, don daga kujerun bayan mai cafewa ake ganinsa sosai.

Tun 2021 ana buga wasa shida a jere da ƙungiya ɗaya, Talata zuwa Lahadi, Litinin hutu da tafiya. In masu fara jifa biyar ne, wanda ya buɗe Talata shi zai rufe Lahadi, a gaban mutanen da suka ga duk abin da ke hannunsa kwana biyar da suka wuce. Ku lura da wasan Lahadi: jifan da ke lanƙwasa ƙasa, wanda suka yi ta kai wa duka a banza ran Talata, yanzu tsayawa suke su bar shi ya wuce. A Afrilu mai jifa na da ƙarfin da zai rufe wannan da gudu. A Satumba babu.

Gajiya kuma ba a maki take fara bayyana ba. Ku dubi allon da ke nuna gudun ƙwallo. Wanda ya saba mil 95 a awa, in ya fara zagaye na farko da 93, ya sauko 91 a na huɗu, hannu ya yi nauyi ko da bai ba da maki ko ɗaya ba. Alama ta biyu, gwiwar hannu na faɗuwa ƙasa, ƙwallo ta riƙa tashi sama ta ɓangaren hannun da ya yi jifan. Ta uku, yana daɗewa a bayan tudu yana murza ƙwallo har agogon da ke ƙayyade lokacin jifa ya kusa cika.

Sai iyakar da aka yanka wa matasa. Triple-A wasa 150 ne a kaka, Double-A da ke ƙasanta 138, rukunan A na ƙasa da ita kuma 132, ga wanda ya fito daga jami'a bai taɓa jifa wata shida a jere ba. Ƙungiyoyi ba sa son yaro ya zarce zagayen da ya yi bara da yawa, don haka a ƙarshen kaka za ka ga an cire shi bayan zagaye huɗu, jifa saba'in da 'yan kai, alhali bai ba da komai ba. 'Yan kallo su yi ta ihu wa koci, shi kuwa lambar tun safe aka aiko masa. Zagaye biyar da suka rage su faɗa kan 'yan canji, gobe ma haka, jibi ma haka. Ran Asabar sai ka ga mai tsaron fili ya hau tudu yana jefa ƙwallo kamar mai miƙa wa yaro lemo.

Malam Na Durham:
Hajiya, Allah ya saka. Ƙara da masu zuwa jinya. Ɗan babbar lig da ya warke daga rauni ana turo shi reshe, mai bugu har kwana 20, mai jifa har 30. John Means ya bi ta Norfolk a ƙarshen kakar nan bayan aikin gwiwar hannu, kafin ya koma Baltimore a Satumba. Irin wannan baƙo ba cin wasa ya kawo shi ba. In an ce yau jifa 65 ne, kuma ya gwada jifan da ke rage gudu don yaudarar mai bugu sau goma sha biyar, zai yi ko da ana dukansa. Shi kuma wanda ranar tasa ce an tura shi gaba, tsarin mako ya rikice.

Amma ku 'yan Norfolk kada ku ɓoye abu ɗaya. A tsarin da aka fara 2023, wanda ya lashe rabin farko ya riga ya samu gurbin wasan kofi, inda zai kara da wanda ya lashe rabi na biyu har wasa uku, kuma a gidansa za a buga duka. Tun ƙarshen Yuni Norfolk ba ta da abin nema a tebur. Durham kuwa, mai riƙe da kofin 2022, dole ta ci rabi na biyu ko ta zauna gida. Mai neman abinci da wanda ya ƙoshi ba sa tafiya iri ɗaya. Mun ci wasan farko a Harbor Park, kuka ci biyun da suka biyo baya. Har yau abin na mini ciwo, amma ba a nan za a yi wannan ba.

Mai Tikitin Kaka:
Malam, mun karɓa, haƙuri dai. To ɓangaren masu bugu fa? Nan ne aka fi yaudarar mutane da lambobi.

Kawu Mai Lissafi:
Ƙwarai. Ɗauki Jackson Holliday. Baltimore ta zaɓe shi na ɗaya a zaɓen matasan 'yan wasa na 2022, ya fara 2023 a Delmarva, ya wuce Aberdeen, ya wuce Bowie, duk ƙananan rassanta, ya iso Norfolk farkon Satumba yana ɗan shekara 19. Wasa 18 ya buga, matsakaicin bugunsa .267. Wasu suka ce ya yi sanyi. Yi lissafin da kanka: bugu mai kyau 20 cikin dama 75 shi ne .267. Da ƙwallo uku da aka cafe sun faɗi ƙasa, 23 ke nan, .307, a ce yaro ya gagara. Ƙwallo uku! Lambar wata ɗaya ba ta auna komai.

Abin dubawa shi ne wace ƙwallo yake kai wa duka, wace yake bari. Masu jifan Triple-A da yawa 'yan shekara talatin ne da suka ɗanɗana babbar lig. Ba za su ba ka mai gudu a tsakiya ba lokacin da kake jiranta, mai lanƙwasa za su jefo a ƙasa. Yaron da ya bar ta ta wuce ya fi wanda ya dace ta faɗa bayan mai tsaro.

Shi ma wannan sai da taka-tsantsan a 2023, saboda na'ura ce ke yanke hukuncin jifa daga Talata zuwa Alhamis, Juma'a zuwa Lahadi kuma alƙali ne, kowace ƙungiya na da damar ƙalubalantarsa sau uku. Akwatin na'urar, wato yankin da jifa zai ratsa a ce ya yi daidai, matsattse ne, musamman ta sama, tafiyar kyauta zuwa tashar farko, wadda mai bugu ke samu in jifa huɗu sun kauce wa akwatin, ta yi yawa a duk lig ɗin. Don haka mai haƙuri ya ƙara kyau a takarda, mai jifan da ke rayuwa da ƙwallon sama kuma ya ƙara muni fiye da yadda yake. Holliday ya shiga Baltimore a Afrilun 2024, ya samu bugu mai kyau 2 cikin dama 34, aka dawo da shi Norfolk.

Hajiya Bayan Raga:
Cowser kuma akasin haka. A Baltimore 7 ya samu cikin 61, aka sauko da shi tsakiyar Agusta. Waɗanda aka sauko da su iri biyu ne, kuma a makon farko ake gane su. Wani yana kai wa komai duka don ya nuna an zalunce shi, kafaɗarsa ta gaba na buɗewa da wuri, ƙwallo ta riƙa gangarawa wajen mai tsaron tasha ta biyu. Wani kuma an ba shi aiki guda, misali ya daina bin mai lanƙwasa, sai lambobinsa su faɗi na mako biyu yana koyo. Daga tebur ba ka bambance su, sai ka zauna ka kalli ƙafa da kafaɗa. Ranar 30 ga Satumba a Las Vegas, tashoshi uku cike, Cowser ya fitar da ƙwallo waje, maki huɗu a bugu ɗaya, Norfolk ta doke Oklahoma City 7 da 6. A 2024 shi ya zo na biyu a zaɓen gwarzon sababbin 'yan wasa na American League. Saukowar da aka yi masa kallon faɗuwa ita ta ba Norfolk kofi: uwar gida ta ɗebe, ta kuma mayar.

Malam Na Durham:
Abu biyu ƙanana ga mai son kwatanta lambobi. Kada a jera na Norfolk da na Pacific Coast League, ɗaya lig ɗin na Triple-A, kai tsaye. Albuquerque ta haura mita 1,500 daga teku, Reno da Salt Lake ma kan tudu suke, iska ba nauyi, ƙwallo na tafiya, mai lanƙwasa kuma ba ta lanƙwasa sosai. Harbor Park a bakin kogin Elizabeth yake, in iska ta taso daga ruwa, ƙwallon da za ta fita a wani fili sai ta mutu a hannun mai tsaron dama.

Sai ruwan sama. In ya hana wasa, washegari a buga biyu, kowanne zagaye bakwai, cikin zafi da gumin Virginia na Agusta. Mai cafewa ɗaya ba ya tsugunna duka biyun, don haka na biyu dole ya shiga, wani lokaci yaron da aka ɗauko daga Double-A da safe, bai san alamun masu jifan ba. Ku ƙirga sau nawa yake tashi zuwa tudu, da ƙwallo nawa ke wuce shi.

Ƙanin Kowa:
Na gode iyayena. To in na je filin Satumban nan, me zan fara dubawa?

Hajiya Bayan Raga:
Ɗana, ka isa da wuri, da zarar an buɗe ƙofa. Karanta jerin 'yan wasan ranar ka gwada da na Talatar da ta wuce, ka ga mutum nawa suka canza. Duba waye ke cikin jerin mutum 40 na Baltimore, don su ake iya kira cikin dare. Wanda ba ya ciki kuma shekarunsa sun cika, yana buga wa Nuwamba ne, lokacin da za a yanke ko a sa shi a jerin ko a bar wata ƙungiya ta ɗauke shi a Disamba. Ka nemi kujera bayan raga, ɗan gefe kaɗan, ka rubuta gudun jifa biyar na farko a kowane zagaye. In ka ga masu farauto wa ƙungiyoyi 'yan wasa, mutum uku huɗu da kwamfuta a cinya, sun daina hira sun gyara zama, kalli wanda ya fito bugu.