Yaron da ke tada aji lokacin lissafi: Skinner za a bi ko Piaget?

Ɗalibar NCE:
Assalamu alaikum malamai. A darasin ilimin halayyar ɗan'adam an ba mu mazhabobi da dama: ta Pavlov da Skinner, ta Piaget, ta Vygotsky, ta Bandura. Haddace su don jarrabawa ba wuya, amma a cikin aji wacce ake bi? Misali yaro ɗan aji uku, mai shekara 8, da an fara darasin ɗebewa sai ya shiga tsokanar na kusa da shi har a kore shi waje. An yi bulala, an sa tsallen kwaɗo, gobe ya sake. Ta ina ake farawa?

Malamin Kwaleji:
Wa alaikumus salam. Fara da Skinner, don shi ne mai saurin nuna inda gizo ke saƙa. A ra'ayinsa, wanda ya shimfiɗa a 1938, hali yana ɗorewa ne saboda abin da ke biyo bayansa. Ki raba takarda gida uku: abin da ya faru kafin tsokanar, abin da yaron ya yi, abin da ya biyo baya. Ki cike ta kwana biyar ba tare da kin canza komai ba.

Idan kullum lissafi ne a gidan farko, kora waje a gida na uku, to korar nan lada ce a wurinsa, domin ta raba shi da aikin da yake gudu. Sai a daina korar. A ba shi tambaya uku da zai iya, ya gama ya huta minti biyu. A yaba nan take, a kuma ambaci abin da ya yi: "Ka gama ukun nan kana zaune."

Inda aka fi faɗuwa shi ne kwanakin farko. Idan hali ya daina biyan buƙata, yakan ƙara tsanani kafin ya lafa. Malama ta jure kwana uku, a na huɗu ta gaji ta kore shi, ta koya masa ke nan cewa naci yana biya. Halin da ake saka wa jefi-jefi ya fi kowanne wuyar kankarewa.

Ita kuwa bulala, Pavlov ya isa bayani: abu biyu in kullum tare suke zuwa, ɗaya yakan tayar da abin da ɗayan ke tayarwa. A kan wannan hanya, Watson da Rayner a 1920 sun sa jariri tsoron farin ɓera ta hanyar haɗa ganinsa da ƙara mai firgitarwa. Haka littafin lissafi ke zama abin faɗuwar gaba idan kullum tare da duka yake zuwa.

Malamar Lissafi:
Malam ya yi gaskiya, sai dai takardarsa ba za ta gaya miki dalilin gudun ba. Ƙanwata, ki gwada shi da 42 a ɗebe 17. In ya rubuta 35, ba shirme ba ne, ƙa'ida ya ƙirƙiro: a kowane layi yana cire ƙarami daga babba, 2 daga 7, 1 daga 4. Bai gane cewa 4 ɗin nan goma huɗu ba ce.

Piaget ya sa masu shekara 7 zuwa 11 a matakin da tunani ke tafiya da abin da hannu ke taɓawa, ko da yake shekarun kintace ne, yara ba sa hawa tare. Ki samo tsinken tsintsiya, ki ɗaure goma-goma. Ɗauri huɗu da tsinke biyu. Ce masa ya cire bakwai. Zai ga biyu ba sa isa, shi da kansa zai kwance ɗauri guda, su zama ɗauri uku da tsinke 12. Ya cire bakwai saura biyar, ya ɗauke ɗauri ɗaya saura biyu: 25. Sai bayan nan a koma allo a ce wannan kwancewar ita ce aro.

Kada a zuba masa matakan duka lokaci guda. Miller a 1956 ya ce abin da kai ke riƙewa a take wajen bakwai ne, Cowan a 2001 ya rage zuwa kusan huɗu. Ki yi lissafi ɗaya yana kallo, ku yi biyu tare, ya yi ɗaya shi kaɗai. Wannan janye tallafi sannu-sannu daga tunanin Vygotsky ya samo tushe. Bita kuma a warwatsa ta: gobe, bayan kwana uku, bayan mako, minti goma-goma.

Mai Duba Makarantu:
Ku ƙara da sauran yaran. In suna dariya, wata ladar ce ta biyu. Bandura a jami'ar Stanford ya nuna a 1961 cewa yaran da suka ga babba yana jibgar 'yar tsana sun kwaikwaye shi. A gwajin 1965, waɗanda suka ga an hukunta mai dukan sun rage kwaikwayo, amma da aka yi musu alkawarin kyauta sai suka nuna sun iya tsaf. Wato hukunci yana danne hali, ba ya goge shi daga kai.

A kuma yi hattara da alkawarin kyauta irin su alewa. Lepper da abokan aikinsa a 1973 sun yi wa yara masu son zane alkawarin takardar yabo, daga baya sha'awar zanen ta ragu. Kafin duk wannan ma, a duba ko yana ganin allo daga inda yake zaune, kuma ko ya karya kumallo.

Ɗalibar NCE:
Allah ya saka da alheri. To idan ajin ya kai yara 80 fa?

Malamar Lissafi:
Rubuta 42 a ɗebe 17 a allo, kowa ya ɗaga amsarsa a takarda. Masu 35 ki haɗa su rukuni na biyar-biyar da tsinkayensu, kowane rukuni da yaro ɗaya da bai daɗe da ganewa ba. Ya fi zakaran aji iya bayani, don bai manta inda abin ya ɗaure masa kai ba.